Ɗaukar Hoto a Fagen Binciken Harshe da Al'ada: Misalai daga Dinawa da Kewayenta

1.0 Gabatarwa

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Wannan magana kuwa ta fi shafar mai binciken al'ada bisa kowa, domin yawancin abin da yake son bayyanawa abu ne da ake gani da ido, kamar ginin soro, ko ɗaurin rawani, ko yadda maƙeri ke riƙe awartaki. A yau da wuya a sami ɗalibin da zai fita bincike ba tare da wayar hannu mai kyamara a aljihunsa ba. Duk da haka, wanda ya saba duba kundayen digiri ya san irin hotunan da akan liƙa a ƙarshensu: fuska ta yi duhu, abin da ake magana a kansa ya yi nisa, kuma ba a faɗi wuri ko rana ko sunan abin ba.

Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa hoton mai bincike shaida ne, kuma duk wata dabara ta ɗaukarsa daga nan ta taso. Kafin a danna kyamara sai mutum ya tambayi kansa: me wannan hoto zai tabbatar wa wanda bai zo wurin ba, ko wanda za a haifa bayan shekara hamsin? An ɗauko misalai daga Dinawa, cikin ƙaramar hukumar Wurno, da maƙwabtanta na Rabah da Goronyo a gabashin Jihar Sakkwato, amma shawarwarin za su yi amfani a ko'ina cikin ƙasar Hausa.

2.0 Dalilin Zaɓen Wannan Yanki

Ƙasa ce mai tarihi. Wurno ribaɗi ne da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya kafa, a can ya rasu a 1837, kuma a can hubbarensa yake. Shekara biyu bayan rasuwarsa, watau a 1839, aka bayyana wa duniya hanyar ɗaukar hoto ta Daguerre a Faransa. Ko da Bajamushe Heinrich Barth ya sauka Wurno a 1853, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba, da alƙalami ya rubuta abin da ya gani, da hannu kuma ya zana garuruwan da ya ratsa. Saboda haka duk abin da muka sani game da kamannin Wurno ta wancan zamani daga rubutu da zane da ruwayar baka muka same shi. Rabah kuwa ita ce mahaifar Sardaunan Sakkwato, Sir Ahmadu Bello, wanda ya zama hakiminta a 1934, kuma shi yana cikin zuriyar Bello da kyamara ta riska, har hotunansa suka cika ƙasa. Bambancin abin da muke iya gani game da mutanen nan biyu ya isa ya nuna darajar hoto.

Har ila yau ƙasa ce da ke sauyawa da sauri. Madatsar ruwa ta Goronyo, wadda aka gama ginawa a kan Gulbin Rima a 1984, ta canza yadda ruwa ke zuwa fadama. Injin ban-ruwa ya ture jigo a yawancin lambuna, bulo da kwano suna cin gurbin tubali da azara. Ambaliyar watan Satumba na 2010 ta rushe gidajen ƙasa masu yawa a bakin Rima, kuma rashin tsaro na shekarun baya-bayan nan ya tayar da ƙauyuka. Abin da ba a ɗauka yau ba, mai yiwuwa ne gobe a neme shi a rasa.

3.0 Sanin Haske

Kalmar hoto aro ce daga photo ta Ingilishi, inda sautin farko ya koma h kafin wasalin o, kamar yadda ya faru a kalmar hoda. Asalin kalmar kuwa daga Girkanci yake, ma'anarsa haske. Tun ƙarni na goma sha ɗaya Ibnul Haisam ya yi bayani a littafinsa Kitabul Manaziri yadda haske ke shiga ɗaki mai duhu ta ƙaramar kafa ya fitar da surar abin da ke waje. Kyamara ɗakin nan ne aka ƙanƙance, don haka wanda bai san haske ba bai san hoto ba.

3.1 Lokutan yini. Wannan yanki yana wajen digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, rana kuwa takan tsaya cak bisa kai a ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta, a sauran watanni ma ba ta yin nisa da hakan ƙwarai. Daga walaha zuwa azahar haske daga sama yake saukowa, sai rawani ko malafa su jefa inuwa a fuska, idanu su zama ramuka biyu baƙaƙe. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga fitowar rana zuwa hantsi, watau kamar ƙarfe 7 zuwa 9, sai kuma daga la'asar zuwa la'asar sakaliya, kamar ƙarfe 4:30 zuwa 6. A waɗannan lokuta haske a kaikaice yake zuwa, shi ne ke fito da zanen bango, da shatin yatsun magini a jikin yaɓe, da zanen ƙwarya. Bangon da ke fuskantar gabas da safe ake ɗaukarsa, mai fuskantar yamma kuwa sai da la'asar.

3.2 Lokutan shekara. Hazon hunturu, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, yana tausasa haske, don haka yana da kyau ga fuskokin mutane, amma yana shafe abin da ke nesa. Wanda ke son hoton faɗin fadamar Wurno ko tafkin Goronyo gara ya jira damina ko farkon kaka, musamman washegarin ruwan sama, sa'ad da sarari ya wanke. Ƙurar hunturu kuma tana ɓata gilashin kyamara. Kada a goge shi da bakin riga, domin ƙurar yashi ce, karce shi za ta yi. A fara hure ta, sa'an nan a share da tattausan ƙyalle. A bazara kuwa, lokacin da zafi kan wuce digiri 40, kada a bar waya ko kyamara a rana ko cikin rufaffiyar mota.

3.3 Farar riga da baƙar fata. Wannan ita ce babbar matsalar mai hoto a ƙasar Hausa. Ma'aunin hasken da ke cikin kyamara yana ƙoƙarin mayar da duk abin da ya gani zuwa matsakaicin haske. In ya ga babbar riga fara fat, sai ya rage haske, rigar ta fito daidai, fuskar mai ita ta nutse cikin duhu. A zamanin fim abin ya fi muni, domin katin gwajin launi da kamfanin Kodak ya daɗe yana rarraba wa masu wanke hoto fuskar Baturiya ce a jikinsa. Maganin abin uku ne. Na farko, a kai mutum inuwa mai faɗi, kamar gindin bishiya mai duhuwar ganye ko bakin zaure, fuskarsa na kallon waje. Na biyu, a taɓa fuskarsa a allon waya domin kyamara ta auna haske daga nan, in ta kama a ƙara haske kaɗan da yatsa. Na uku, a sa wani ya riƙe farin mayafi ko farin kwali daga gefe, ya mayar da haske kan fuskar. Kada kuma a tsayar da mutum ƙofa ko taga na bayansa, sai in inuwarsa kawai ake so.

3.4 Ma'aunai uku. Mai babbar kyamara yana bukatar sanin abu uku: faɗin kafar da haske ke shiga, da tsawon lokacin da take buɗe, da ƙarfin jin haske na kyamarar, wanda ake rubutawa ISO. Tsohuwar ƙa'ida ita ce, a cikin rana tarwai, in ISO yana 100, a sa kafa a f/16, lokaci kuma a 1/125 na daƙiƙa. In lokaci ya fi 1/60 tsawo, rawar hannu za ta dusashe hoton, sai a ɗora kyamara bisa mariƙi mai ƙafa uku, ko bisa turmi, ko a jingina da bango. Abu mai gudu, kamar sukuwar dawaki ranar Salla ko kokawa ko dambe, yana son 1/500 ko abin da ya fi haka sauri. A cikin zaure mai duhu gara a ɗaga ISO zuwa 800 ko 1600 da a kunna filasha, domin filasha tana shafe inuwa, tana kuma firgita mutane.

4.0 Tsara Abin da Ke Cikin Hoto

Ƙa'ida ta farko ita ce kowane abu a yi masa hoto uku: na nesa, da na tsaka-tsaki, da na kusa. Alal misali, in ana nazarin rumbu, hoton nesa zai nuna inda yake a cikin gida da abin da ke kewaye da shi, na tsaka-tsaki ya nuna rumbun dukansa daga duwatsun gindi har jinka, na kusa kuma ya nuna baki da yaɓe. Ɗaya daga cikinsu shi kaɗai rabin shaida ne.

Ta biyu, a matsa da ƙafa. Jawo abu kusa da yatsu a allon yawancin wayoyi yanke hoton kawai yake yi, yana rage masa kyau. Amma kuma kada a kusanci fuska fiye da taku biyu, domin gilashin waya mai faɗin gani ne, yakan kumbura hanci ya ƙanƙance kunnuwa.

Ta uku, a sauka daidai da mai aiki. Yawancin masu sana'o'inmu a zaune suke aiki, bisa tabarma ko buzu. Wanda ya tsaya bisa kansu ƙeya da hula kawai zai samu, ban da cewa tsayuwa a kan babba rashin ladabi ne. A durƙusa, a sa kyamara daidai hannuwansa.

Ta huɗu, a duba baya da gefuna kafin a danna. Sau da yawa akan ga turken lantarki ya tsiro daga kan dattijo, ko an yanke ƙafafun mai rawa, ko taron yara ya rufe abin da aka zo dominsa. Layukan da waya ke iya nunawa, waɗanda suka raba allo gida tara, suna taimakawa wajen daidaita bakin ruwa ko layin gini don kada ya karkace, kuma in aka aza abin da ake nufi a mahaɗar layukan hoto yakan fi daɗin kallo.

Ta biyar, a nuna girma. Hoton tulu shi kaɗai ba ya faɗin ko ya kai randa ko bai wuce buta ba. A ajiye rula mai santimita 30 a gefensa, in babu ko kwalin ashana ya wadatar. Ga gini kuwa sai mutum ya tsaya kusa da ƙofa.

5.0 Sana'a Mataki-Mataki

Sana'a aiki ne mai farko da ƙarshe, don haka jerin hotuna take bukata. Mu ɗauki ƙira. Kafin a fara, sai a roƙi maƙeri ya jera kayan aikinsa, a ɗauki kowane ɗaya daban: zuga-zugi, da uwar maƙera, da masaba, da awartaki. Daga nan a bi aikin tun daga zuba gawayi da zuga, zuwa fito da jan ƙarfe, da duka, da lanƙwasawa, da sa ƙota. Yana da kyau a kalli aikin sau ɗaya ba tare da kyamara ba, domin a san inda muhimman matakai suke. Haka za a yi wa noman albasa da tafarnuwa da shinkafa a fadamun Wurno da Goronyo, daga renon iri zuwa dashe da ban-ruwa da girbi da ajiya, sai dai wannan yana bukatar komawa sau da yawa cikin watanni. Haka kuma jima, daga jiƙa fatar jar akuya zuwa sa bagaruwa da rini da karan dafi.

Kada a sa mai sana'a ya canza tufa ko ya gyara wurin aiki don hoto, kada kuma a sa shi ya farfaɗo da abin da ya daina yi ba tare da an faɗi haka a rubuce ba. In an sami tsoho ya kafa jigo don ya nuna yadda ake yi a da, to, dole bayanin hoton ya ce nuni ne aka yi.

6.0 Rubutattun Takardu

A gidajen malamai na wannan yanki akwai littattafan Larabci da waƙoƙin ajami na Hausa da Fulatanci da aka gada. Tun cikin shekarun 1960 masana a Jami'ar Ibadan da Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya suka riƙa ɗaukar irinsu a ƙaramin fim, ga kuma abin da aka tara a Ma'adanar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. A yau waya mai kyau tana iya wannan aiki, in an kiyaye sharuɗɗa.

A shimfiɗa takarda bisa baƙin ƙyalle kusa da ƙofa ko taga, inda rana ba ta bugunta kai tsaye. Kyamara ta kasance bisa tsakiyar shafi sosai, ba a karkace ba, kuma dukan gefuna huɗu su fito, domin sharhin malamai a gefe yake. Kada a kunna filasha. Bayan kowane shafi a buɗa hoton a duba ɗigo. A rubutunmu na Magaribi, fa'un ɗigo ɗaya gare shi a ƙasa, ƙaf kuwa ɗigo ɗaya a sama, wasalin imala ma ɗigo ne a ƙarƙashin baƙi. In hoto ya dushe ɗigo ya ɓace, kalma ta sauya, nazarin da aka gina a kanta kuma ya rushe.

Da yake littattafanmu ba a ɗinke suke ba, warwara ne cikin gafaka, wajibi ne a bi su yadda aka same su, gaba da baya, ba tare da tsallake ko farin shafi ba. Kalmar da marubuci kan sa a ƙasan shafi, wadda ita ce farkon shafi na gaba, za ta taimaka daga baya wajen gane jeri. A kula da shafin ƙarshe, inda mai kwafi kan rubuta sunansa, wani lokaci har da shekara. A ɗaga takarda ɗaya ko biyu ga haske a ɗauki tambarin da ke cikin jikinta, kamar jinjirin wata uku na takardun Italiya, domin yana taimakawa wajen ƙiyasta zamaninta. Gafakar ma a ɗauke ta. Daga ƙarshe a bar littafi hannun mai shi, a kuma ba shi kwafin hotunan.

7.0 Izini da Ladabi

Baƙo ba ya shiga gari ya ɗaga kyamara. Sai ya fara gaida uban ƙasa, kamar Sarkin Sudan a Wurno ko Sarkin Rabah, ya nuna takardar jami'arsa, a haɗa shi da hakimi ko mai unguwa. Amma izinin sarki bai ɗauke izinin mutumin da za a ɗauka ba. A gaya masa abin da za a yi da hoton, da inda zai iya fitowa. Malamai sun saɓa game da hukuncin hoton mai rai, saboda haka wanda ya ƙi kada a matsa masa, sau da yawa yakan yarda a ɗauki hannuwansa da kayan aikinsa. Cikin gida na mata ne, sana'o'in da ake yi a can, kamar kaɗi da kitso da saƙar faifai, mace mai bincike ce za ta ɗauke su, da yardar matan da ta maigida. Almajirai sai da izinin malaminsu. A hubbare da masallatai a tambayi masu kula da wurin.

Halin tsaro ya ƙara wa wannan batu nauyi. Bayan hare-hare irin wanda aka kai kasuwar Goronyo a watan Oktoba na 2021, mutane suna da hujjar tsarguwa da baƙo mai ɗaukar hoto. Kada a yi yawo ba ɗan gari, kada a ɗauki shingen jami'an tsaro ko ginin madatsar ruwa ba da izini ba. Waya tana iya liƙa wa hoto ainihin wurin da aka ɗauke shi, don haka hoton da ya nuna garken wani ko rumbunansa ko fuskarsa yana iya jawo masa masifa in ya bazu a intanet. Amanar wanda ya ba ka fuskarsa ta fi kundin digiri.

8.0 Bayani da Adana

Hoton da ba bayani kamar shaida ne da ya zo gaban alƙali ya yi shiru. Kowane hoto yana bukatar abu shida a littafin bincike: lambarsa, da rana, da wuri, da abin da ake yi, da wanda ke ciki in ya yarda a ambace shi, da sunan abin kamar yadda mutanen wurin suka faɗa. Wannan na ƙarshe shi ne ribar mai nazarin harshe. In manomi ya ce galma, a rubuta galma, kada a mayar da ita garma, haka in ya ce kassuwa ko hulla ko zabbi. Daidaitacciyar Hausa ta biyo baya. In da hali a naɗi muryarsa yana faɗin sunan, domin a sami karin sauti da tsawon wasali.

A rubuta bayanin a ranar, kafin a kwanta. A kwashe hotuna zuwa kwamfuta, a ba su suna mai ɗauke da shekara da gari da lamba. A yi kwafi uku, ɗaya daga ciki a wani gari dabam. Tura hoto ta WhatsApp a yadda aka saba yana rage masa inganci, yana kuma goge bayanan da ke cikinsa, sai dai a tura shi a matsayin fayil. Gyaran da ya halatta shi ne ƙara haske ko rage shi da datse gefe, kuma a ajiye na asali. Goge wani abu ko ƙara shi, ko da manhaja ce ta yi da kanta, daidai yake da sauya maganar wanda aka yi hira da shi. Muhimman hotuna a wanke su a takarda, a kai wa masu su nasu, a kuma ajiye wasu a sashe ko ɗakin karatu.

9.0 Horar da Ɗalibai

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ya kamata sassan koyar da harsunan Nijeriya, irin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da kwalejojin ilimi, su sa wannan horo cikin darasin dabarun bincike. Mako ɗaya ya isa a kafa tushe. Ran farko ɗalibi ya ɗauki bango ɗaya sau biyar, daga fitowar rana zuwa magariba, ya kwatanta. Rana ta biyu ya ɗauki abokinsa cikin farar riga a rana da inuwa da bakin ƙofa. Ta uku, abu goma, kowane hoto uku da ma'auni. Ta huɗu, sana'a ɗaya cikin hoto goma sha biyu. Ta biyar, shafi ashirin na ajami. A rana ta shida sai a yi musayar hotuna, kowa ya faɗi abin da ya fahimta daga na ɗan'uwansa ba tare da an yi masa bayani ba. Inda ya kasa, nan gyara yake.

10.0 Kammalawa

An nuna a wannan maƙala cewa ingancin hoton bincike ya dogara ga sanin haske, da tsara abin da ke ciki, da bin aiki mataki-mataki, da neman izini, da rubuta bayani, da adanawa. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke bukatar kyamara mai tsada. Malaman makarantu da ɗaliban da ke zaune a Dinawa da Wurno da Rabah da Goronyo su suka fi kowa dacewa da wannan aiki, domin sun san mutane, sun san karin harshe, suna kuma nan rani da damina. In kowannensu ya ɗauki sana'a ɗaya ko gafaka ɗaya ya yi mata aiki bisa waɗannan ƙa'idoji, ya kuma kai kwafi inda za a adana, masu nazari na gaba za su sami abin dogaro game da wannan yanki.